Yadda Za Ki Riƙe Addu'ar Ƙasashe A Tsakiyar Hidimar Bikinki

Ƙanwata da aka sa wa rana, zo mu yi magana. A ƙauyenmu nan ta wajen Sumaila da zarar an kai gero da dawa rumbu an sayar da gyaɗa da waken suya shikenan sai bukukuwa, daga Nuwamba har Ista da wuya Asabar ta wuce ba a ɗaura aure a wata majami'a ba. Na daɗe a Zumuntar Mata, amare da yawa a hannuna aka yi hidimarsu tun daga kai kuɗin gaisuwa har ranar kai amarya, kuma abu ɗaya nake ta gani. Yarinya ce mai himma, ta tashi tsaye a taron matasa ta yi wa Ubangiji alkawari za ta riƙa yi wa sauran ƙasashe addu'a, ta riƙe abun nan shekara ɗaya ko biyu ba fashi, ana sa rana sai tela ya ɗauki safiyarta kafinta ya ɗauki yammacinta, zancen anko ya cinye daren, kafin ta farga wata uku sun wuce ba ta ko buɗe littafin addu'arta ba. Ni ma ya same ni. A bikina littafina ya shige ƙarƙashin akwatunan lefe, ban sake ganinsa ba sai da damina ta sauka, ranar da na buɗe na ga kwanan watan da na tsaya sai da na yi hawaye. Tun daga nan na fara neman dabara, kuma ita nake koya wa duk amaryar da ta zo hannuna. Mutane za su ce miki ba a tauna taura biyu, toh gaskiya ne in a lokaci ɗaya za ki cusa su a baki, amma in kin tsara abun tun da wuri duka biyun za su yiwu. Ango ma in yana karantawa ya ɗauka da shi nake.

KAYAN DA ZA KI TANADA

Littafin rubutu irin na 'yan makaranta, sabo, wanda ba za ki rubuta lissafin biki a ciki ba. Wannan kar ki yi wasa da shi, duk wadda ta haɗa lissafin shinkafa da mai da sunayen ƙasashe a littafi ɗaya, in ta buɗe don addu'a idonta kan bashin tela zai fara sauka. Littafi biyu za ki saya, launin bango daban.

Biro da za ki ɗaure da zare a jikin littafin, don gidan biki biro ba ya kwana.

Littafi Mai Tsarki naki na Hausa. In na waya kike amfani da shi ki nemi na takarda na wannan lokacin, ko aro ne, za ki ga dalili a gaba.

Kalanda ta bango, irin wadda ikilisiya ke rabawa ƙarshen shekara ta isa. In babu ki zana da kanki a shafin tsakiya.

Taswirar duniya ko ta Afirka. Ba dole ba ce amma tana taimako sosai, malamin firamare na ƙauyenku zai iya ara miki, ko ki sa ƙaninki mai zuwa sakandare ya zana miki Afirka a kwali ya rubuta sunayen.

Rediyo ƙarama mai batir.

Asusu na ƙasa ko gwangwanin madara da aka huda.

Sai abokiyar addu'a guda ɗaya, wadda ba ta cikin ƙawayen amarya masu rabon anko, gara ma dattijuwa ko matar aure da ta natsu. Ita ce ta fi duk sauran kayan nan muhimmanci.

In karatu bai zauna miki sosai ba kar ki ce abun ba naki ba ne. Akwai wata mama a wajenmu da ba ta taɓa shiga aji ba, ƙwayar wake take ƙirgawa ta ɗaure a bakin zani, kowace ƙwaya da ƙasarta a ka, in ta gama da ɗaya ta mayar ɗaya gefen. Har yau ban ga wadda ta kai ta riƙon addu'ar nan ba.

MATAKI NA 1: Ki tuna ainihin abun da kika yi alkawari, ki rage shi da saninki

Kafin ki taka ƙafa kasuwa, ki samu yamma ɗaya ki zauna ki rubuta a shafin farko me kika ce wa Allah za ki yi. Kullum ne? Sau ɗaya a mako? Da azumi ne? Da yawa ba su ma tuna abun da bakinsu ya furta ba, nauyi kawai suke ji a zuciya. Ki karanta Mai-Wa'azi 5:4-5, wasu juyin Mai Hadishi suka rubuta, inda aka ce gara kar ka yi wa'adi da ka yi ka ƙi cikawa. Ba don tsoratarwa na kawo ayar ba, don ki gane maganar mai nauyi ce shi ya sa ba a barinta ta mutu a shiru.

Sai ki yanke mafi ƙarancin abun da za ki iya ko ranar da gida ya cika da baƙi. In da minti 30 kike yi, ki ce daga yau zuwa mako ɗaya bayan biki minti 10 ne. In kina azumin duk Laraba da Juma'a ki mayar Laraba kaɗai, makon biki kuma ki ajiye. Ki rubuta, ki sa kwanan wata, ki faɗa wa Ubangiji da bakinki, ki nuna wa abokiyar addu'arki. Kuskuren da na fi gani shi ne amarya ta ce ai ni ba zan rage komai ba, ta yi kwana huɗu da ƙarfi ta faɗi a na biyar, kunya ta hana ta komawa.

MATAKI NA 2: Ki ƙirga makonni, kowane mako ƙasa ɗaya

Ɗauko kalanda ki ƙirga daga yau zuwa ranar ɗaurin aure. A ce mako 12 ne. Toh ƙasa 12 kenan, ba ƙari. Ƙasashen da ke Majalisar Ɗinkin Duniya 193 ne, na Afirka kaɗai 54, ba a ce ke za ki ɗauke su duka kafin a kai ki ɗaki ba. Ki rubuta sunan ƙasa a kan kowace Lahadi a kalandar, a gefen inda kika rubuta ranar gwajin asibiti da ranakun koyarwar aure wajen Baba Pasto da Lahadi ukun da za a yi sanarwa a majami'a. In za ku yi rajista a ƙaramar hukuma ki tuna sanarwar can kwana 21 take ɗauka, ki sa ta a kalandar tun yanzu, haka gwajin jini, tun 2024 doka ce a jihar Kano kafin aure, kar ki bari sai makon ƙarshe. Amfanin haɗa su a kalanda ɗaya shi ne duk lokacin da kika ɗaga kai don duba saura kwana nawa, sunan ƙasar makon zai shiga idonki.

Ki fara da maƙwabta, Nijar, Chadi, Kamaru, Benin, su ne kika fi jin labarinsu kuma addu'ar za ta fi zuwa miki da sauƙi. Sai ki matsa Mali da Burkina Faso da Sudan, sannan na nesa. Makonni biyun ƙarshe ki sa ƙasashen da kika riga kika saba da su, ba lokacin koyon sabon suna ba ne.

MATAKI NA 3: Layi uku kacal ga kowace ƙasa

Kowace ƙasa shafi ɗaya, layi uku. Na farko shugabanninta, saboda 1 Timoti 2:1-2 ta ce a yi addu'a domin dukan mutane da sarakuna da masu mulki don a zauna lafiya. Na biyu talakawanta, abinci, lafiya, zaman lafiya, kowa da kowa ko wane addini yake bi. Na uku 'yan'uwa masu bi da ma'aikatan bishara da ke can.

Bari na nuna miki da Sudan. Yaƙi ya ɓarke can ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan gwamnati da dakarun RSF, sama da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu, da yawa sun tsallaka Chadi ta garin Adre. Layin farko sai ki rubuta Allah ya tausasa zuciyar masu riƙe da bindiga su zauna sulhu. Na biyu mata da yaran da ke sansani da masu fama da yunwa a Darfur. Na uku ikilisiyoyin Khartum da suka watse. Kuma ki sani akwai Hausawa da Fulani da yawa a Sudan, garin Mai Wurno ma jikokin mutanenmu ne da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903, kinga ashe ba bare kike yi wa addu'a ba. Nijar kuwa tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka rufe iyaka wata da watanni, duk wanda ke da ɗan'uwa mai zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san yadda abun ya taɓa kowa, sai ki sa shugabanninsu, ki sa manoma da makiyaya, ki sa asibitin mishan na Galmi da ma'aikatansa. In kin zo Iritiriya ki tuna tun 2002 gwamnati ta rufe ikilisiyoyin da ba ta yi wa rajista ba, akwai masu bi da suka shekara da shekaru a tsare.

Ina za ki samo labarin? Labaran duniya na safe a BBC Hausa ko RFI ko DW, kina shara kina ji, in an ambaci ƙasar makonki ki riƙe abu ɗaya a ka. Sannan Baba Pasto, ki tambaye shi ko akwai takardar roƙon addu'a daga ma'aikatan EMS, wato ƙungiyar mishan ta ɗarikar ECWA, ko wata ƙungiyar mishan ta ɗarikarku, sau da yawa tana nan a ofis ba wanda ya nema. Gargaɗi babba, ki kiyayi bidiyon da ake turawa a WhatsApp na gawarwaki da ƙone-ƙone ana cewa jiya aka yi a ƙasa kaza, da yawa tsofaffi ne ko na wani wuri daban, kuma ba addu'a suke haifarwa ba sai fushi da tsoro, amarya kuma ba ta buƙatar kwana da wannan hoton a ido. In ba ki samu labarin komai ba, ki buɗe Zabura 67, aya bakwai ce kawai, ki karanta ki riƙa sa sunan ƙasar a inda aka ce al'ummai. Ya wadatar.

Duka shafukan nan ki cike su a zama biyu ko uku tun makon farko. Kar ki ce sai makon ya zo, ba za ki samu sukuni ba.

MATAKI NA 4: Asuba, kafin waya

Gidan da ake shirin biki ba shi da lokacin shiru sai ɗaya, kafin a fara ɗora tukunyar koko. Ki tashi minti 15 kafin Inna, ki wanke fuska, ki zauna bakin gado da tocila. Kar ki kunna data. Shi ya sa na ce ki nemi Littafi Mai Tsarki na takarda, don in kika buɗe waya da niyyar karanta aya ɗaya, saƙon ƙawa na cewa ankon bai ishe ta ba shi zai tare ki, shikenan an tafi da safiyar. Minti 10 ɗin ki raba haka, aya ɗaya ko biyu, layi ukun ƙasar makon, sannan ki kawo damuwar bikinki. Da gangan na sa bikin a ƙarshe. Ba laifi ba ne ki roƙi Allah kuɗin katifa, Yesu da kansa ya halarci biki a Kana ya kuma rufa wa masu gida asiri, amma in kika fara da naki ba za ki taɓa isa Chadi ba.

In kin gama ki ja ɗan layi a kalanda kan ranar. In ɗakin ya cika da baƙi ba wajen zama, ɗauki bokiti ki tafi rijiya ko famfon burtsatse, tafiya da dawowa sun isa layi uku, dama kin haddace su.

MATAKI NA 5: Ki bar kayan bikin su riƙa tuna miki

Nan ne nake so ki buɗe kunne don wannan ce dabarar da ta fi yi mana aiki. Kayan bikinki daga ƙasashe suka zo, ke ce dai ba ki lura ba. Ranar da muka raka wata amarya Kantin Kwari muna ɗaga atamfa, sai na ce mata duba bakin zanin nan ki gaya min daga ina, ta duba ta ce Sin, muka ɗaga wata mai tsada mai shagon ya ce wannan ta Holan ce, leshin kuma wai na Siwizalan. Na ce toh ga ƙasa uku a hannunki. Muka fito muka shiga Kasuwar Rimi wajen kwanuka, nan ma yawanci Sin da Indiya. A mota muna dawowa, daga Mariri har muka haye gadar Wudil bakinta na motsi a hankali, ledar kaya a cinya, ba wanda ya san me take yi sai ni.

Toh haka za ki yi. Duk abun da kika saya ko aka kawo a lefe, ki duba ko ki tambaya daga ina, ki yi addu'ar numfashi ɗaya, Ubangiji ka tuna da hannun da ya saƙa wannan da iyalinsa, ka sa su san ka. Ba sai kin rufe ido ba, ba sai kin durƙusa a tsakiyar kasuwa ba. Dabinon da za a raba, na Nijar ne ko Aljeriya, a Aljeriya kuwa an rufe majami'u da yawa a 'yan shekarun nan. Turaren wuta da humra su tuna miki da Chadi. Babba a cikinsu ita ce dilka da halawa, gyaran jikin nan daga Sudan muka koyo shi, kuma za ki yi kwanaki kina zaune ana murza miki jiki ba abun da za ki iya yi da hannu, toh wace dama ce ta fi wannan? Matan da suka koya wa duniya gyaran amarya yau suna kwana a tanti. Ni duk amaryar da na kai wajen mai dilka sai na raɗa mata a kunne, wannan zaman na Sudan ne.

Haka zaman kitso, haka jiran tela da ya ce ki zo ƙarfe goma bai gama ba sai azahar, haka layin asibiti ranar gwaji. Lokacin da da za ki ɓata kina huci, ga abun yi.

Abun lura, wannan ƙari ne a kan na asuba, bai maye gurbinsa ba. Wadda ta ce ai ina yi a hanya ta daina zaman asuba, cikin mako biyu na hanyar ma zai tafi.

MATAKI NA 6: Ki shigar da ango, amma a hankali

Tun a zaman farko na koyarwar aure ki faɗa a gaban Baba Pasto cewa kina da wannan alkawari kuma kina so ya bi ki gidan aure. Faɗa a nan ya fi faɗa bayan biki, don kar wata rana ya ga kin tashi da asuba ya ɗauka wani sabon abu kika tsiro da shi. Sai ki ba shi sunan ƙasar mako duk Lahadi bayan sujada. In kuna waya da dare, minti biyun ƙarshe kafin kati ya ƙare ku yi addu'ar tare, shi layi ɗaya ke layi ɗaya. Ban ce ku riƙa keɓewa a ɗaki da sunan addu'a ba, a'a, a waya ko a zaure ko harabar majami'a inda ido ke gani.

In kin ga bai ɗauka da zafi ba kar ki mayar da abun gori, kar ki ce masa kai ba ka da ruhaniya. Shi ma kansa ya ɗau zafi, ga ginin ɗaki ga lefe ga kuɗin aure, wataƙila buhun da ya sa rai zai sayar farashi ya faɗi. Alkawarin naki ne, gayyatarsa kike yi. Amma in ya kai ga yana miki dariya ko ya ce ki daina, wannan ki kai wa Mama Pasto tun yanzu a zauna a kai, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

MATAKI NA 7: Asusun

A wajenmu kalmar baiko biyu ce, akwai na sa rana akwai na faranti ranar Lahadi, ina son amarya ta riƙe duka biyun. Duk ranar da kika dawo daga sayayya, canjin da ya rage ko naira 100 ce ko 200 ki jefa a asusu. Wasu na yanke cewa duk dubu goma da suka kashe za su cire ɗari biyu, ke dai ki ga abun da za ki iya. Lahadin godiya bayan biki ku fasa ku ba ma'ajin ikilisiya a rubuce cewa na aikin mishan ne. Kar ki tura wa wani a intanet da ba ki sani ba don ya sa hoton marayu. Kuma kuɗin da Baba ko Kawu suka ba ki don wani abu takamaimai ba naki ba ne da za ki ɗiba, amana ce, ki sayi abun da aka ce. Bashi kuma kar ki ci don ki yi baiko. In ma kin rage tsadar anko ko kin haƙura da kaya kala ɗaya kin sa kuɗin a asusun, ni a ganina kin yi dabara, don ban taɓa ganin auren da ya mutu saboda amarya ta canza kaya sau uku maimakon biyar ba.

In zuciyarki ta ce me ɗari biyu za ta yi, ki tuna yadda bishara ta iso mu. A 1893 samari uku suka sauka Legas da nufin shigowa ƙasar nan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, cikin kamar shekara ɗaya, biyu daga cikinsu suka rasu, Gowans a Girku Kent a Bida. Mahaifiyar Gowans tana can Kanada, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma ita ce ta ɗauki nauyin ƙasar nan a zuciya har ta zuga Bingham ya taso. Daga wannan aikin ƙungiyar mishan ta SIM ta fito, daga ita ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Wasu mata ne a nesa, masu girki da wanki da aurar da 'ya'ya kamar mu, suka riƙa ambaton sunan ƙasar da ba su iya furtawa daidai ba.

MATAKI NA 8: Makon biki, ki raba kayan

Kwana bakwai na ƙarshe ba naki ba ne, na dangi ne. Za a tashe ki da dare a kwana ana hira, Gwaggo za ta leƙo ta ce ke 'yar nan mutane sun zo daga nesa kina ɗaki kina karatu? Kar ki yi musu da ita, ki ce Gwaggo ga ni nan fitowa, ki fito ki gaishe su da fara'a, girmama baƙi ma hidima ce. Shi ya sa tun Lahadin da ta gabata za ki kai littafin wajen abokiyar addu'arki ta kwafe, ta raba wa mata shida ko bakwai a Zumunta, kowa ta ɗauki rana ɗaya ta tsaya a madadinki. Matanmu suna murna da wannan ƙwarai, wata tsohuwa da ba ta da abun gudummawa ta taɓa ce min, 'yata ba ni da kwano ba ni da zani, amma ki ba ni ƙasa ɗaya na riƙe mata.

Ke kuma abun da ya rage miki jimla ɗaya ce da safe kafin ki sauko daga gado, ki ambaci sunan ƙasar ki ce Ubangiji ka yi mata jinƙai. Azumi ki ajiye, ga zafi ga zirga-zirga ga rashin barci, na taɓa ganin amarya ta yanke jiki ta faɗi ana tsakiyar kamu saboda ta ƙi cin abinci. Daren lalle in an ɗaure miki hannu da ƙafa ba damar tashi, in hayaniya ta lafa, ki bi ƙasashe 12 ɗin nan a ka ɗaya bayan ɗaya har barci ya ɗauke ki.

MATAKI NA 9: Ranar ɗaurin aure

In kina so, ki roƙi Baba Pasto tun da wuri ya sa jimla biyu a addu'ar albarka, cewa gidan nan ya zama gidan addu'a domin dukan al'ummai kamar yadda yake a Markus 11:17. Iya nan. Kar ki sa a karanto jerin ƙasashe da abun da ake yi wa masu bi a can a lasifika. Kin san yadda muke a nan, kusan kowane gida akwai kawu ko gwaggo ko maƙwabci Musulmi da suka bar aikinsu suka zo taya mu murna, wasu su ne ma suka kwana suna tuƙa tuwon, ranar ba ta sa kowa jin an yi da shi ba ce. Addu'ar da ta roƙa wa duniya salama da abinci da sanin Allah, kowa a wurin zai ce amin da zuciya ɗaya.

MATAKI NA 10: Littafin ya bi ki a jakar hannu

Nan ni na faɗi, don haka ki ji da kyau. Ranar jere, littafin da Littafi Mai Tsarki kar su shiga akwati, kar su shiga buhun kwanuka, kar ki ba ƙawa ta riƙe. Jakar hannunki da ba ta rabuwa da ke, nan za su zauna, kina shiga ɗaki ki sa su ƙarƙashin matashi. Tun kafin biki ki riga ki rubuta ƙasar makon farko da ta biyu na gidan aure, ki ja da'ira a kalanda kan rana ta takwas, ranar za ki koma cikakken lokacinki na da. Ki gaya wa abokiyar addu'arki ta zo ganin ɗaki a ranar ko ta kira, tambaya ɗaya za ta yi miki, wace ƙasa ce wannan makon?

In a gidan surukai aka ajiye ki kuma aikin asuba ya hau kanki, shara da ɗebo ruwa da ɗumame, toh ki matsar da lokacin zuwa hantsi bayan maza sun fita, ko bayan cin tuwon dare ke da maigidan. Ki gwada mako guda ki ga wanne ya zauna sannan ki rubuta shi a littafin.

In kuma duk da wannan kin duba kalanda kin ga kwana biyar ko goma ba layi, kar ki ce sai kin rama duka a zama ɗaya, kar kuma ki jira sabon wata ko sabuwar shekara. Ki buɗe shafin ƙasar makon da ake ciki ki ci gaba daga nan, waɗanda aka tsallake ki mayar da su ƙarshen jeri, in kin zagayo za ki same su. Shafukan da suka rage a littafin ki bar su fari, in Ranar Addu'a ta Duniya ta zo, Juma'ar farko ta watan Maris, ki ji ƙasar da mata suka shirya tsarin shekarar ki ƙara ta a shafi na gaba.